Ordonans a hannu, kuɗi kaɗan: ina mutumin Tahoua zai sayi magani?

Wanda ya fito daga gaban likita a Tahoua da ordonans a hannu, ƙofofi biyar ne a gabansa. Akwai tagar magani ta cikin CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya ta gwamnati, ko asibitin da aka duba shi. Akwai farmasin gwamnati, wadda kowa ya sani da popiler. Akwai farmasin 'yan kasuwa, tare da ƙannenta, wato defo masu lasisi da ake samu a garuruwan da babu farmasi. Akwai mai tebur a bakin kasuwa da yaron da ke yawo da tire a ka. Ta biyar ita ce ɗan'uwan da zai ce maka, "Bari kawai, jibi zan je Ƙonni, in na tsallaka Illela sai in sayo maka, can ya fi araha." Yawancinmu abin da ke aljihu a wannan sa'ar shi ke yi mana zaɓi, kuma ba abin zargi ba ne, tunda a Nijar fiye da kashi 40 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun iyalai yake fita kai tsaye. Sai dai lissafin da ake yi a tsaye, da yaro mai zazzaɓi a kafaɗa, yakan tsaya a kan kuɗin ƙwaya ɗaya, alhali abin da gida zai biya shi ne kuɗin maganin gaba ɗaya har a warke. A nan ne ƙofofin suka bambanta.

Kafin ma a zo ga saye, a fara sanin abin da bai kamata a biya ba. Tun 2005 gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa, wato sezariyen. A 2006 ta ƙara da kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da magungunan tazarar haihuwa, sannan a 2007 ta haɗa da ciwon dajin mata. Maganin tarin fuka da na sida da alluran rigakafin yara ba a sayar da su a wuraren gwamnati. Haka ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, daga ɗan wata 3 zuwa ɗan wata 59. Daga ranar 1 ga Satumba 2024 kuma hukumomi suka rage kuɗin aikin asibitocin gwamnati da rabi, suka mai da haihuwa kyauta, suka soke jika 150 da mai wankin ƙoda yake ajiyewa kafin a fara masa. Ragin ya shafi ganin likita, kwanciya, gwaje-gwaje, hoto da tiyata. Takardar da aka rubuta maka ka kai farmasin waje kuwa, babu ruwanta da wannan doka, kuma da yawa sai a gaban kanta suke gane haka.

Kowa a garin nan ya san inda kyautar take yin tuntuɓe. Tsarin shi ne CSI ta yi wa yaro magani, ta rubuta faktir ta aika, baitulmali ya biya ta daga baya. Biyan ya sha yin jinkirin watanni, wani lokaci shekaru, kuma masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun yi rubutu mai yawa a kan haka. In kuɗin bai dawo ba, asusun CSI ya bushe, ba ta iya sake cika kantarta, sai majo, wato shugaban CSI ɗin, ya ɗauki biro. Uwa ta zo da yaro don an ce kyauta ne, ta fita da takarda. Duk da haka kuskure ne mutum ya yanke hukunci tun daga gida cewa ai babu komai a can. Ordonans mai layi huɗu, sau da yawa biyu ko uku suna nan a taga. Tambaya ɗaya ce: "Majo, wanne da wanne kuke da shi a nan, wanne ne sai na fita?" Wanda ya yi shiru ya karɓi takarda ya wuce, yakan je ya sayi abin da ke jiransa kyauta a bayan ƙofa.

Ga babba ma CSI tana da wata fa'ida da ake mantawa. Tun bayan shirin Bamako na 1987, da dokar 1995 da ta kafa biyan kuɗin magani a ƙananan wuraren lafiya, abin da ake biya a CSI forfe ne na rashin lafiya guda, wanda ya haɗa dubawa da maganin da suke da shi. In ciwon na yau da kullum ne kuma maganin yana nan, babu ƙofar da ta kai wannan sauƙi, har da tebur.

Yanzu sai maganar da ta fi kowace rage kuɗi, ita ce sunan da ke jikin kwali. Ɗauki kwalin Doliprane ka duba da kyau. Sunan da aka rubuta da manyan haruffa na kamfani ne. Ƙarƙashinsa akwai ƙaramin rubutu da ke cewa parasetamol, da lamba, 500 ko 1000. Wannan ƙaramin shi ne maganin. Efferalgan da Dafalgan su ma parasetamol ne. Clamoxyl amoksisilin ne, Flagyl metronidazol, Bactrim kotrimoksazol, Glucophage na masu ciwon suga metformin, Amlor na masu hawan jini amlodifin, Mopral na gyambon ciki omefrazol, Ventoline na masu asma salbutamol. Coartem da aka sani wajen zazzaɓin cizon sauro haɗin artemeter da lumefantirin ne, kuma kamfanoni da dama suna yin wannan haɗin. Ƙaramin sunan shi ma'aikatan lafiya ke kira DCI, sunan da duniya ta amince da shi, kuma maganin da ake sayarwa da shi kaɗai shi ne jenerik.

Dalilin arahar jenerik ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin da ya ƙirƙiro magani yana da shekara 20 na haƙƙin mallaka, a ciki shi kaɗai ke yi, shi ke yanka farashi. In wa'adin ya cika, duk masana'antar da ta cika sharuɗɗa tana iya yin irinsa, kuma mafi yawan waɗanda ke zuwa mana daga Indiya suke. Ba su biya kuɗin binciken farko ba, ba su da 'yan talla masu jaka da ke zagaya ofisoshin likitoci, wasu ma a gwangwanin ƙwaya dubu suke zuwa, babu kwali mai ƙyalli. Tsakanin biyun akwai wani rukuni da ke ruɗa mutane: jenerik ne amma an raɗa masa sunan kasuwa an yi masa kwali mai kyau. Kuɗinsa yana ƙasa da na asali, yana sama da na DCI, kuma shi ya cika kantocin farmasin 'yan kasuwa a yau. Ƙasashenmu ba da son rai suka rungumi jenerik ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi ya ninka kuɗi a dare ɗaya, magungunan Faransa suka fi ƙarfin har ma'aikacin gwamnati, shi ne aka koma ga jerin muhimman magunguna irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitarwa a 1977.

Har yau akwai dattijon da in aka miƙa masa ƙwaya fara a ƙaramar leda zai tura ta baya ya ce, "A'a ɗana, ba ni na Faransa, shi ya fi ƙarfi." Abin dariyar shi ne a Faransar kanta, tun 1999 doka ta ba mai farmasi ikon musanya maganin da likita ya rubuta da jenerik ɗinsa, kuma asusun lafiyarsu shi ke tura mutane ga haka don ya rage abin da yake biya. Miligiram 500 na amoksisilin miligiram 500 ne, in dai masana'antar ta gaskiya ce. To, wannan "in dai" ɗin ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata masu yabon jenerik su tsallake shi ba. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan siro na tari da wani kamfanin Indiya ya yi, kuma ba a kan tire aka sayo shi ba. Shi ya sa abin dubawa ba sunan ƙasa ba ne, ba kuma kyan kwali ba. Hanyar da maganin ya biyo ita ce magana: wa ya shigo da shi, an yi masa rajista a Nijar, akwai wanda za a kama in ya fito da aibi? ONPPC, hukumar gwamnati mai shigo da magani, da manyan dillalai masu lasisi suna da takardun kayansu, kuma akwai ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, da aikinsa ya haɗa da auna ingancin magani. Wannan bai hana ɓarna ɗari bisa ɗari ba, amma akwai zaren da za a bi a janye kaya.

Akwai 'yan magungunan da ba a yi musu sauyi da ka. Na farfaɗiya, na maƙoƙo, da masu tsinka jini, ɗan bambanci kaɗan a jiki yana iya zama babba. Wanda ya daidaita a kan wani iri, ya zauna a kansa sai likitansa ya ce a canza. Sauran kuwa, wuri mafi kyau na neman sauƙi shi ne tun a gaban mai rubutawa: "Likita, don Allah a rubuta mini da DCI, ƙarfina kaɗan ne." Babu kunya a ciki. A nan ne kuma za a tambayi wane layi ne dole, wane ne na ƙari, domin ba kasafai ordonans ke rasa bitamin ko siron ƙarin cin abinci a ƙasanta ba, kuma wani lokaci shi ne ya fi kowa tsada a takardar.

In an fita waje, popiler ko farmasin 'yan kasuwa? ONPPC, mai popiler, an kafa ta a 1962, kuma ita kaɗai ke shigo da magani ƙasar nan har zuwa shekarun 1990 da aka buɗe kasuwa. Tana da manyan rumbuna na shiyya a Yamai, Damagaram da nan Tahoua, abin da ya sa muke kusa da tushe fiye da mutanen garuruwa da yawa. Ƙarfinta jenerik ne na jerin muhimman magunguna, kuma a kansu da wuya a doke ta a farashi. Rauninta ma sananne ne: yau akwai, gobe babu, kuma in aka ce babu ba wanda zai iya ce maka ga ranar da zai zo. Sabbin magunguna da na cututtukan da ba su da yawa ba a cika samun su a can ba.

Farmasin 'yan kasuwa tana saye daga manyan dillalai irin Laborex da Ubipharm. Kayanta sun fi yawa, tana da firiji, akwai dokta mai farmasi da ya karanci abin, akwai tsarin gadi na dare da ranakun hutu, kuma abin da babu tana iya yin odarsa daga Yamai, wadda ke nesa da mu da fiye da kilomita 500. Duk wannan kuɗi ne, kuma a kan kwalin yake hawa: kuɗin masana'anta, jirgin ruwa, tashar teku, mota har Yamai, ribar dillali, ribar farmasi. Magani ba ya biyan kuɗin duwan irin na sauran haja, amma nisan hanya yana biyan kansa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin CEDEAO da rufe iyakar Benin, kayan da suka saba biyowa ta Kotonu suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, an kuma ga ƙarancin magunguna a lokacin. Wanda ya ga farashi ya tashi ya ɗora laifin duka a kan mai farmasin unguwarsu bai yi masa adalci ba. Inda nake ganin laifin wasunsu shi ne shiru. Mai sayarwa yana ganin tsohuwa tana kwance bakin zane tana ƙirga dala-dala, ya san akwai mai rahusa a kanta ta ƙasa, amma ba zai ce komai ba sai an tambaya. To a tambaya: "Malam, babu jenerik ɗinsa? Nawa ne wannan, nawa ne wancan?" A sa ya faɗi kuɗin kowane layi kafin ya buga, ba jimla kawai ba.

Shawarata a tsakanin biyun ita ce a fara da popiler in da rana ne kuma ciwon yana ba da sarari, abin da aka rasa a cike a farmasi. In dare ne, ko maganin na firiji ne kamar insulin, ko likita ya ce a fara yanzu-yanzu, kuɗin kabu-kabu da ɓata lokacin zagaye sun cinye ribar, a wuce farmasi kai tsaye. Mutanen garuruwa da ƙauyukan da ke da defo kawai, su duba takardar izini a bango, su kuma tuna cewa mai defo ba likita ba ne, mai sayarwa ne.

Sai tebur. Ba a yi wa mai tebur adalci in aka ce jahilci kaɗai ke kai mutane wurinsa. Yana sayar da ƙwaya ɗaya, yana ba da bashi, ya san sunan mahaifinka, ba ya neman takarda, ba ya daka maka tsawa, kuma ranar Lahadi da kasuwar Tahoua ke ci yana nan daidai inda baƙauye zai wuce. Farmasi ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma tsaya kusa da tiren ka duba. Katunan ƙwayoyi ne ɗaure da roba, na sama launinsu ya koɗe don rana, wasu an yanka su da almakashi gida biyu-biyu, ta yadda ɓangaren da ke ɗauke da kwanan lalacewa ya riga ya tafi da wani mai saye. Kafso ja da rawaya suna zube a leda babu suna. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yana wuce 40, balle farantin ƙarfe a tsakiyar rana. Ko da maganin na gaskiya ne ranar da ya bar masana'anta, ba lalle ne shi ne ke kan tiren ba.

Lissafin ma ba ya goyon bayansa. Maganin zazzaɓin cizon sauro na babba sau shida ake shan sa cikin kwana uku: ƙwaya 24 in ƙanana ne masu lamba 20/120, ko 6 in manya ne masu 80/480. Amoksisilin da aka ce sau uku a rana har kwana bakwai kafso 21 ne. Mai tebur zai ba ka huɗu, jiki ya ɗan yi sanyi, ka ce an warke. Bayan mako ciwon ya dawo, wani lokaci da ƙarfin da sai an kwanta an sa ruwa, a biya gado, a biya allurai, a bar gona ko shago. In ka tara kuɗin ƙwaya ɗai-ɗai har adadin ya cika, sau da yawa ya kai ko ya wuce kuɗin cikakken jenerik a popiler. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, nan kuwa arahar ma babu ita. Akwai kuma ɓarnar da ba ta tsaya a gida ɗaya ba: shan rabin maganin kashe ƙwayoyin cuta shi ke koya musu jurewa. Nibakin, maganin zazzaɓin cizon sauro da iyayenmu suka dogara da shi, ya daina aiki, har Nijar ta sauya shi da haɗin artemisinin a 2005.

Jabu kuma ba labarin nesa ba ne. A annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa dubban mutane allurar rigakafin jabu a ƙasar nan, sannan a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake yin gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau da aka samu a Nijar. Ita ce kuma ta ƙiyasta a 2017 cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko mara inganci, kuma na zazzaɓin cizon sauro da masu kashe ƙwayoyin cuta su ne kan gaba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Lome ta Janairun 2020 don tsananta hukunci a kan masu wannan fatauci. Tramol ma ta wannan ƙofar ya shiga samarinmu: na asibiti miligiram 50 ne ko 100, na tire 225 ne ko 250. Na san za a ce ai parasetamol ɗaya na ciwon kai ba zai kashe kowa ba. Wataƙila. Amma shi ne kuma mafi araha a popiler, don haka ko a kansa babu abin da tebur ya fi, ban da kusa.

Maganar Najeriya tana son a raba ta biyu, domin farmasi mai rajista a Sakkwato daban, buhun da aka sauke a kasuwar kan iyaka daban. Faɗuwar naira tun 2023 ta sa mai sefa yana jin shi attajiri ne da ya tsallaka, kuma gaskiya ne Najeriya tana da masana'antun magani da yawa da mu ba mu da su. Amma ba komai ne ya fi araha a can ba. Da kamfanin GSK ya sanar a Agustan 2023 cewa zai daina harka kai tsaye a ƙasar, Augmentin da maganin shaƙa na asma suka yi tashin da 'yan Najeriya da kansu suka yi ta kuka. Lambar NAFDAC, hukumar kula da magani ta Najeriya, da ke jikin kwali alama ce mai kyau, sai dai mai buga jabu ma ya iya buga lamba. Abin da ya fi ta shi ne wurin kankarewa da ke kan wasu magungunan zazzaɓi, wanda ake tura lambarsa ta waya a sami amsa. Hukumomin can ma yaƙi suke da kasuwannin magani na fili, shi ya sa a 2024 aka tashi 'yan maganin Sabon Gari a Kano aka mai da su wata cibiya a Dangwauro. In har za a yi saƙo, ya zama ƙwaya ce mai jure hanya, daga farmasi ta gaske, da rasit, a kuma nuna wa likita kwalin kafin a fara sha. Insulin, allurai da siron yara ba kayan saƙo a bayan babur ba ne. Mai yawan da ya wuce na shan mutum ɗaya kuwa, fasa-ƙwauri ne a idon duwan.

To wa ke mayar wa mutum kuɗinsa? Ga mafi yawanmu, babu kowa. Ma'aikacin gwamnati yana da takardar da ke ɗauke masa kashi 80 cikin 100 a asibitin gwamnati, amma ta fi aiki a kan kwanciya da gwaje-gwaje, ordonans ta waje yawanci daga albashi take fita. CNSS da ake cire wa ma'aikatan kamfanoni kuɗi tana biyan fansho, alawus na iyali da haɗarin wurin aiki, ba inshorar ciwon yau da kullum ba ce, kuma mutane da yawa suna haɗa su. Masu inshora ta gaske su ne ma'aikatan bankuna, ƙungiyoyin agaji da manyan kamfanoni, kuma su ma iri biyu ne. Wani yana miƙa kati ko bon a farmasin da ke da yarjejeniya da kamfanin, ya biya kasonsa kawai. Wani kuwa sai ya biya duka, ya tara ordonans da rasit ya kai, ya jira. Ga mai zama a Tahoua na farkon ya fi, amma da sharaɗin akwai farmasin yarjejeniya a garin, ba a Yamai kaɗai ba, kuma wannan ne abin tambaya kafin a sa hannu. Sai a tambayi silin na shekara, wato iyakar kuɗin da inshorar za ta biya, da abin da aka cire, domin bitamin da makamantansu sau da yawa ba sa ciki. Mai inshora ma jenerik ya fi masa: in ana biya masa kashi 80, kuma mai sunan kamfani ya ninka jenerik sau biyar, to kashi 20 ɗin da zai cika daidai yake da kuɗin jenerik ɗin gaba ɗaya, ga silin ɗinsa yana ƙarewa tun shekara ba ta raba ba.

Mutuwel, wato asusun lafiya na haɗin gwiwa, ta unguwa ko ta ƙungiyar sana'a tunani ne mai kyau, amma ƙarfinta bai wuce na kantar CSI ɗin da ta ƙulla da ita ba. In maganin babu a can, katin ba ya sayen komai. Kafin a zuba kuɗi a tambaya ko tana biyan abin da aka sayo a waje.

Inda zaɓin ya fi nauyi shi ne ciwon da ba ya tafiya. Zazzaɓi kwana uku ne, kuma hanyarsa a fili take: a yi gwajin jini na yatsa a CSI tukuna, don ba kowane zafin jiki ne na sauro ba, in ya tabbata a sha cikakke. Hawan jini da suga kuwa ƙwaya ɗaya a rana 365 ce a shekara, wasu ma biyu ko uku suke sha. Bambancin da bai kai a kula ba a kwali ɗaya, a shekara buhun hatsi ne. Abin da ya fi faruwa shi ne a rubuta wa Baba mai tsada a Yamai, a saya wata biyu da zumuɗi, a wata na uku a ce ai ya ji sauƙi. Hawan jini ba ya jin sauƙi ta haka, shiru yake yi har ranar da ɓarin jiki zai mutu. Jenerik ɗin da gida zai iya saye kowane wata ba fashi ya fi mai sunan da za a sha a bari, kuma wannan magana ce da ya kamata a faɗa wa likita ƙarara, da adadin abin da za a iya.

Gidaje da yawa a Adar kuɗin maganin tsofaffi daga 'yan cirani yake zuwa, daga Abidjan, Libiya ko Aljeriya, ta Nita ko Al Izza. Kuɗin da aka turo da sunan magani yakan haɗu da suna ko biki a hanya. Ya fi a ɗora wa mutum ɗaya alhakin saye, ranar da ya karɓa ya sayi na wata biyu ko uku in likita ya yarda, ya ɗauki hoton kwali da rasit ya tura ta WhatsApp. Ya duba kwanan lalacewa ya wuce lokacin da za a gama sha, ya tabbata lambar miligiram ɗaya ce da ta wancan karon ko da launin kwalin ya sauya, a kuma ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, ba saman taga ko kusa da murhu ba.